Titin da ke narkewa a arewacin Kanada

Tambaya: Malam, wai akwai garuruwa a arewacin Kanada da mota ba ta kaiwa sai da hunturu? 'Yan asalin wurin suna da ta cewa kuwa wajen gina musu titi?

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa. Manyan motoci kan bi ta kan daskararrun tafkuna su kai mai da kayan gini. Ƙanƙara na narkewa, sai jirgin sama, tsadarsa kuwa ba a magana. Ta cewa akwai, amma ba ko'ina ba. Garin Whati ya samu titin kilomita 97 da ake bi duk shekara a 2021, kuma gwamnatin ƙabilar Tlicho, 'yan asalin yankin, na da kashi 20 cikin ɗari a kamfanin da ya gina shi. Ni dai na fi yarda da wannan, ba taron jin ra'ayi bayan an gama shata hanya ba. Wasu mazauna garin sun yi fargabar giya da ƙwaya su biyo titin.