Ma'aikatan gidan burodina ba sa daɗewa, ko tallar ce matsala?

Alhaji, ka ce kana sa tallar neman ma'aikata a Facebook, suna zuwa amma wata biyu sai su gudu. A ganina laifin tallar kaɗan ne, sauran yana cikin gidan.

Sanarwar da ta ce "ana neman ma'aikata" kawai ba ta jawo gwani. Faɗi albashin ƙarara, da awoyin aiki, da ranar hutu, da ko akwai abinci da wurin kwana ga masu aikin dare. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma da wannan kuɗin matasa za su auna ka. Sa hoton wurin na gaske, ba wanda aka ɗauko a intanet ba.

Sai dai ma'aikatan da ke hannunka su ne masu tallarka na gaskiya. Abin da suke faɗa a majalisa bayan isha'i ya fi kowace sanarwa saurin yaɗuwa, musamman in maganar jinkirin albashi ce. Biya a kan lokaci. Ka ba kowa takardar sharuɗɗan aiki, wadda dokar ƙwadago ta ce a bayar cikin wata uku da fara aiki. Duk wanda ya kawo maka sabon ma'aikaci, ka ba shi tukuici, amma sai sabon ya cika wata uku yana aiki.