Bushiya, kaskarta da zazzaɓin da ba na sauro ba

Tambaya: Likita, yarona ya tsinto bushiya ya ajiye ta a kwali. Na ga kaska maƙale bayan kunnenta. Da haɗari? (Wata uwa, Aboabo)

Hajiya, ba ƙayarta nake tsoro ba, baƙin da ta goyo ne. Kaska da ƙuma na ɓuya a gindin ƙayoyin, kuma sukan ɗauki ƙwayar cuta mai suna Riketsiya. Kashin bushiyar kuma na iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela mai sa gudawa. A mayar da ita daji, yaro ya wanke hannu da sabulu, a duba masa hammata, matsematsi da cikin gashi. In an ga kaska, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja sama a hankali. Ban da ashana, ban da kananzir.

Tambaya: Na ji ana cewa ƙwayoyin nan dangin juna ne. Ƙwayar cuta ma tana da dangi? (Ɗalibi, Asawase)

Ƙwarai kuwa, ɗana. Masu bincike kan niƙa kaskar, su ciro ƙwayoyin gado na abin da ke cikinta, su jera su da na wasu kamar mai gwada kwafin Alƙur'ani biyu harafi da harafi. Inda bambanci ya yi kaɗan, zumunci ya yi kusa. Da haka aka san Riketsiya gida-gida ce: akwai gidan da kaska ke yaɗawa, akwai na zazzaɓin taifus (ba taifod ba) da ƙwarƙwata da ƙumar ɓera ke ɗauka, ga kuma ta ƙumar kyanwa, wadda aka samu irinta a ƙumar bushiya a Turai. (Sunan Riketsiya daga na Howard Ricketts ne, likitan Amurka da taifus ɗin ya kashe a Meziko a 1910.) Amfanin sanin nasabar gare mu likitoci: yawanci magani ɗaya ke yi wa dangin duka, doksisaikilin. Amoksisilin da kowa ke saye a kemis bai taɓa su.

Tambaya: Kwana biyar ina zazzaɓi, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Ina harkar shanu. Ga wani baƙin tabo a ƙaurina. (Mahauci, Kumasi)

Malam, tabon nan ya fi komai ɗaukar mini hankali. Ɓawo baƙi da ja kewaye da shi, ga kaluluwa, ga ciwon kai, haka zazzaɓin cizon kaska ke zuwa, kuma kaskar shanu mai zane a baya ce ke kawo shi. Ka je asibiti yau, ka ɗage wando ka nuna tabon, ka faɗi sana'arka tun ba a tambaye ka ba. Kada ka ƙara shan maganin maleriya, kada kuma ka sayi doksisaikilin da kanka kafin likita ya duba ka.