Tambaya da Amsa: Za a iya yi min dashen gashi ba tare da an aske min kai ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Shekarata 34, sanƙo ya fara cin gefe da gefen goshina tun ina ɗan 27, yanzu haka ya shiga ciki sosai har tsakar kan ma ta fara haske. Na daɗe ina son a yi min dashen gashi amma abin da ke hana ni shi ne duk bidiyon da na kalla sai in ga an yi wa mutum ƙwalƙwal kan nan duk jini-jini, ni kuma aikin ofis nake, kullum ina gaban mutane, bana so kowa ya sani wallahi, ko abokan aikina bana so su fara tsokanata. Na ji an ce akwai wanda ake yi ba aski. Da gaske ne ko dai talla ce kawai? Gashina irin mai murɗewar nan ne kuma ba na barinsa ya yi tsawo. Na gode. Daga A. M.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Da gaske ne ana yi, ba ƙarya ba ce, sai dai jimlarka ta ƙarshe, wato gashinka gajere ne, ita ce ta fi komai nauyi a cikin wasiƙar nan, zan dawo kanta.

Ka fara gane abin da ake yi tukuna. Ba gashin wani ake sa maka ba, ba kuma na roba ba, naka ne ake cirowa daga ƙeya da gefen kunne a kai inda ya zube. Dalili kuwa, sanƙon gado wani sinadari ne a jikin namiji da ake kira DHT yake jawo shi, yana bin saiwar gashin goshi da tsakar ka yana tsuke ta har gashin ya sirance ya daina fitowa, amma saiwar ƙeya galibi ba ta jin sa. Shi ya sa za ka ga tsoho kansa fes a sama amma ƙeyar nan cike. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, shi ya wallafa a 1959 cewa saiwar da aka ɗauko daga ƙeya tana tafiya da halinta duk inda aka kai ta, a kan wannan aka gina aikin gaba ɗaya.

To askin na mene ne? Gashi ba ɗaya-ɗaya yake fitowa ba, ƙungiya-ƙungiya yake, daga sili 1 zuwa 4 a rami guda. A hanyar da ta fi yawa yanzu, FUE, likita yana sa wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, faɗinsa wajen milimita 1 ko ƙasa da haka, ya zagaye kowace ƙungiya ya zaro ta, dole ya ga inda gashin ya karkata kafin ya soka in ba haka ba sai ya datse saiwar, ta tashi a banza. Idan kai a aske yake yana gani sarai, hannunsa na sauri, asara ta ragu. Ka ga ba don mugunta suke askewa ba.

Wanda ake cewa ba aski ɗin shi ma kala-kala ne, kuma a nan masu talla suke wasa da hankalin mutane. Mafi yawa abin da suke nufi shi ne a ɗaga gashin ƙeya a aske 'yan layuka siraru a ƙasa, a ciri abin da za a cira, sannan a sauke gashin sama ya rufe wurin, gaban kuma inda za a dasa a bar shi yadda yake. Akwai wanda ake datse iya silin da za a cira ɗaya bayan ɗaya da almakashi, sauran ba a taɓa su ba. Akwai kuma wanda ake zaro saiwar da dogon gashinta a dasa haka nan, wannan ya fi kowanne wahala kuma ba kowane likita ne ya iya ba. Duk cikinsu aikin yana jan lokaci, ya fi tsada, kuma adadin da za a iya dasawa a zama ɗaya bai kai na wanda aka aske ba. Za ka kuma ji ana ta ambaton DHI kamar wani sabon abu, shi wani bututu ne mai kama da biro da ake cusa saiwar da shi kai tsaye, yana taimakawa wajen dasawa a tsakanin gashin da ke nan, amma cirowar daga ƙeya ɗaya ce da ta FUE.

Yanzu maganar gajeren gashinka. Duk dabarar nan a kan abu ɗaya ta dogara, a samu gashi mai tsawon da zai kwanta ya lulluɓe wurin da aka taɓa. Kai kuma da kilipa ke bi ta kanka duk sati, me zai rufe me? Idan aka aske maka layuka a ƙeya gashinka na gajere, wallahi sai ya fi ƙwalƙwal ɗin jan ido, don mutum zai tsaya a bayanka yana kallon zane-zane. Saboda haka zaɓinka biyu ne, ko ka tara suma na wata biyu zuwa uku kafin aikin, ko kuma, kuma ni wannan na fi so maka, ka fara rage askinka tun yanzu a hankali har ka koma ƙwalƙwal makonni kafin ranar, mutanen ofis su gama surutunsu su saba, ranar da ka dawo ba wanda zai ga wani sabon abu. Mai ƙaramin aski ya fi kowa sauƙin ɓoye wannan aiki in ya bi ta nan.

Akwai tsohuwar hanya kuma, FUT, wadda ake yanko siririyar fata daga ƙeya a ɗinke, a rarraba saiwoyin a ƙarƙashin madubin likita. Ita ba ta buƙatar aski sai iya wurin yankan, amma tana barin tabo a miƙe har abada, duk ranar da ka yi ƙaramin aski zai fito fili. Ga mace ko mai suma tana da kyau, gare ka ban ga alama ba.

Batun murɗewar gashin nan kar ka ɗauke shi da wasa. Irin wannan gashi ba a waje kaɗai yake lanƙwasa ba, har cikin fata saiwar a lanƙwashe take, to ƙarfe miƙaƙƙe yana iya yanke ta cikin sauƙi ko da kai a aske yake, balle an ce likita ya yi aiki cikin duhun suma. Ka tambayi likitan kai tsaye ko ya saba aiki da irin gashinka, ya nuna maka hotunan mutanen da ya yi wa bayan shekara guda, gaba da ƙeya, ba na ranar aiki ba. Ka tambaya wa zai riƙe ƙarfen, shi ne ko yaransa, don akwai wuraren da likita zai leƙo ya zana layin goshi ya fita ba za ka ƙara ganinsa ba. Sannan in kana cikin masu tabon nan da ke yin tudu ya yi ta girma bayan rauni ko huda, ko kana da ƙurajen ƙeya masu tauri, ka faɗa tun farko, wani lokacin sai an gwada dasa saiwoyi 'yan kaɗan a jira a gani, wani ma a ce kar a yi. Haka ciwon suga, hawan jini, ko maganin tsinka jini in kana sha. Abin daɗin dai shi ne gashi mai murɗewa yana cika ido, saiwa kaɗan ta rufe wuri mai yawa.

Ko da aski ko ba aski, kwana goma na farko ba su ɓoyuwa, wannan ka sa a ranka. Kowace saiwa da aka dasa za ta yi ɗan ɓawo kamar ɗigon busasshen jini, goshi kan kumbura wajen kwana na 2 zuwa na 4 har wani lokaci ya sauko fatar ido, kwanan farko za ka yi barci da kai a ɗage, ba susa, ba motsa jiki mai sa gumi, hula ma sai likita ya ce ka sa kuma mai sakwa-sakwa wadda ba ta gogar wurin. Ɓawon yakan zube tsakanin kwana 10 zuwa 14 in ana wankewa yadda aka koya maka. Ka ɗauki hutun sati biyu kawai, shi ne sirrin na gaskiya. Bayan nan cikin sati 2 zuwa 8 gashin da aka dasa zai zube, kar hankalinka ya tashi, saiwar tana ciki, sabo zai fara tsirowa wajen wata na 3 ko na 4 kuma sai an shekara ake ganin kammalallen sakamako, tsakar ka ma takan ɗara haka. Wannan jinkirin gatanka ne, don a hankali yake cika, sai dai a ce maka ka yi kyau kwana biyun nan.

Abin da ya fi damuna da wasiƙarka ba askin ba ne, cewa da ka yi tsakar kan ta fara haske. Ma'ana sanƙon bai tsaya ba. Ƙeya kamar asusun ajiya ce da ba a zuba mata, abin da ka cira ya ciru, saiwar da aka zare ba ta sake fitowa a wurin. In aka cika maka goshi yau sauran na baya suka ci gaba da zubewa, nan da 'yan shekaru za ka wayi gari da tsibirin gashi a gaba da fili a bayansa, kuma wannan ba ya ɓoyuwa ga kowa. Ka fara ganin likitan fata ku yi maganar magungunan nan, minoxidil na shafawa da finasteride na sha, su biyun an daɗe ana amfani da su wajen rage zubar. Finasteride yana taɓa sha'awa ga wasu 'yan kaɗan, kuma bai kamata mace mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa ba, don haka ba abin saye ne kai tsaye ba sai da likita.

TAMBAYA: Anti ko Malam ne ban sani ba, ni gashin gaban goshina ne ya cinye saboda matsattsen kitso da ƙari, ni ma za a iya min ba aski? Daga H. S.

AMSA: Malam ne 'yar'uwa. Ke kam kin fi mai tambayar farko sa'a, mata galibi ba a aske musu kai gaba ɗaya, ɗan wuri ake buɗewa a ƙeya suma ta rufe. Amma ki fara sassauta kitson ki ajiye ƙarin na wasu watanni, in saiwar ba ta mutu ba, sau da yawa gashin yakan dawo da kansa. In wurin ya yi sulɓi yana ƙyalli ba ko ɗan tsiro, to sai a yi maganar dashe, bayan likitan fata ya duba ya tabbatar ba wani ciwon fatar kai ne ke cin sa ba, don in akwai ciwo mai aiki abin da aka dasa ma ba zai zauna ba. Kuma in kin koma matse shi bayan an yi, sabon ma haka zai zube.