Ku Tambaye Mu: Me Ya Sa Ba A Ƙarin Ruwa Da Tsagwaron Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu ya ce babu abin da ya kai ruwa narkar da sinadarai. To me ya sa gishiri ke narkewa a cikinsa, amma mai ba ya narkewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yarmu. Sirrin yana cikin ƙirar ruwan kansa. Kowace ƙwayar ruwa, wato H2O, zarrar oksijin ɗaya ce da na haidurojin biyu, kuma ba a miƙe suke ba, sun tanƙware kamar gwiwar hannu da kusurwa mai digiri 104.5. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron zuwa gare shi, shi ya sa gefensa ke da ɗan caji negetif, gefen haidurojin kuma ɗan fozitif. Shi kuwa gishiri haɗin sodiyam ne mai caji fozitif da kulorid mai negetif. Da ya faɗa cikin ruwa sai ƙwayoyin ruwa su yi wa sodiyam ƙawanya da gefensu na oksijin, su yi wa kulorid da gefen haidurojin, su riƙa ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Amma abin yana da iyaka: lita ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kimanin giram 360, ragowar sai ya kwanta a ƙasa.

Mai ba shi da gefen da ke da caji, saboda haka ruwa ba shi da inda zai kama. Ƙwayoyin ruwa sai su ci gaba da riƙe junansu (kowace ɗaya tana iya riƙe har guda huɗu), su matse man ya taru wuri guda. Kada ki ɗauki wannan a matsayin gazawar ruwa, domin a kansa aka gina jikinki. Fatar da ke lulluɓe kowace ƙwayar halitta maiƙo ne mai kai da jela: kan yana son ruwa, jelar tana gudunsa. Sai su jeru layi biyu, jela na fuskantar jela a ciki, kawuna na kallon ruwa ta waje da ta ciki. Haka ma furotin ke naɗewa ya ɓoye sassansa masu gudun ruwa a tsakiya, kuma idan bai naɗe daidai ba, ba ya aiki. Da ruwa yana narkar da komai, da babu ƙwayar halittar da za ta tsaya.

Tambaya: An kwantar da ɗana a asibiti saboda gudawa, sai na ga an rubuta a jikin ledar ƙarin ruwan cewa akwai gishiri a ciki. Ba tsaftataccen ruwa zalla ya fi dacewa ba?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Tsagwaron ruwa a jijiya haɗari ne babba. Ƙa'idar ita ce, idan akwai fata mai barin ruwa ya wuce amma tana tare gishiri, ruwa yakan bi ta cikinta zuwa gefen da narkakkun sinadarai suka fi yawa. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da irin waɗannan sinadarai. Idan aka kewaye su da ruwa zalla, sai ya yi ta kwarara cikinsu har su kumbura su fashe, abin da ya zubo daga cikinsu kuma ya wahalar da ƙoda. Idan kuwa gishirin waje ya yi yawa, ruwan cikinsu ne zai fita su yamutse. Shi ya sa ake zuba giram 9 na gishiri a kowace lita, wato kashi 0.9 cikin 100, ma'aunin da ya yi kusan daidai da na jini. Ka kwatanta da ruwan teku mai kimanin giram 35 a lita: wanda ya sha shi, ƙodarsa sai ta zubar da ruwan da ya fi wanda ya sha kafin ta fitar da gishirin.

Wannan ƙa'ida ce ta sa ruwan gishiri da sukari ke ceton rai. A bangon ƙaramin hanji akwai wani furotin da ba ya shigar da sodiyam sai tare da gulukos, wato wani nau'in sukari. Masanin kimiyya Robert Crane ne ya bayyana wannan a 1960. Idan biyun suka shiga, ruwa sai ya bi bayansu, kuma wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko a lokacin kwalara. Haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya na lita ɗaya ya ƙunshi gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, fotasiyam kulorid giram 1.5, da sodiyam sitiret giram 2.9. Idan babu na fakiti, a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a share bakin cokalin kada ya yi tozo. Kuskuren da ya fi damun mu shi ne zuba fakiti guda a kofi ɗaya da tunanin zai fi ƙarfi. Idan sukari ya yi yawa, shi ne zai jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Idan gishiri ya yi yawa, yana iya sa yaro jijjiga. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a zubar da abin da ya wuce awa 24. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko ya galabaita, asibiti za a kai shi nan take.

Tambaya: Da gaske ne ruwan alkali da ake tallatawa yana rage asid a jini?

Amsa: Ba ya ragewa, Malama. Ana auna ƙarfin asid da ma'aunin pH: ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 kuma alkali, wato kishiyar asid. Ruwa zalla pH ɗinsa 7 ne a zafin digiri 25, na alkali kuma yawanci 8 zuwa 9. Da ya isa tumbi zai tarar da asid mai pH 1.5 zuwa 3.5, kuma kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne, don haka nan da nan ƙarfinsa ke ƙarewa. Jini kuwa yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45, kuma jiki ne ke tsare shi a nan: iskar kabon dayoksaid tana haɗuwa da ruwan jini ta zama asid mai rauni da baikabonet (sinadarin da ke rage kaifin asid), huhu na daidaita iskar cikin mintoci, ƙoda na daidaita baikabonet cikin awoyi zuwa kwanaki. Idan gwaji ya nuna asid ya yi yawa a jinin mutum, to ciwo ne kamar na ƙoda ko ciwon sukarin da ya yi tsanani, kuma likita ne zai nemo musabbabin ya magance shi.