Katunan 'yan ƙwallon da ɗana ke tarawa: in hana shi ko in ƙyale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Garwa nake. Ɗana mai shekara 13 duk ɗan kuɗin da ya samu katunan 'yan ƙwallo yake saye, har ya cika gwangwanin madara. Wai wata rana za su yi tsada. Gaskiya ne, ko in hana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka hana shi, amma ka cire masa maganar tsadar nan daga rai.

Ba ƙarya ya ji ba. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol na Amurka, dala miliyan 12.6. To amma tun 1952 kamfanin Topps ya buga shi, kuma ya shekara 70 kamar jiya ya fito daga inji. Ƙarancin kati da lafiyar jikinsa su ke ba shi daraja. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: su duba kusurwa, su duba gefe da fuska, su ga ko hoton ya zauna a tsakiya, sannan su ba da maki daga 1 zuwa 10. Katin da aka buga birjik, yaro ya cusa a aljihu ya tafi fili da shi, ko na Eto'o ne ba ya cikin wannan lissafi.

Inda nake so ka sa ido shi ne sayen ƙunshi a rufe. Kamfanin Panini na garin Modena a Italiya yana fitar da kundin da ake manna hotunan 'yan wasan gasar cin kofin duniya a ciki tun 1970. Na Katar 2022 gurbi 670 ne, ƙunshi ɗaya kuma hoto biyar. Ko da babu wanda ya maimaitu sai an sayi ƙunshi 134, alhali kuwa maimaici dole ne. Da kundi ya doshi cika, sai yaro ya buɗe uku, huɗu, duk fuskokin da yake da su, zuciya ta ce ƙara ɗaya. Nan kuɗi ke zurarewa. Ka yanka masa abin da zai kashe a wata, sauran ya nema ta musaya. Ya rubuta lambobin da suka rage masa a takarda, ya ware masu biyu-biyu, ya kai wa abokansa. Ni a wurina ma daɗin abin yana nan, a cinikin "ba ni wannan in ba ka biyu".

Sai ajiya, wadda ita ta fi ci mini rai. Nawa na ƙuruciya na ɗaure su da roba, na zuba a kwali, na jingina da bango. Bayan damina biyu na buɗe: robar ta narke ta manne a fuskar na sama, gara kuma ta ci na ƙasa ta bar mini ƙasa-ƙasa. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana lanƙwasa kati, ƙurar hunturu tana goge sheƙinsa, danshin damina ya haɗe su wuri ɗaya. Gwangwanin nasa ya fi kwali, sai dai murfin ya rufu ruf, a ɗora shi sama nesa da bango da rana, kowane kati mai muhimmanci a 'yar ledarsa. Ban da roba, ban da gam, ban da rubutu da biro a baya.

Idan ya zazzage su, ka duba ko akwai na Vincent Aboubakar. Ka zaunar da shi ka faɗa masa a ƙungiyar Coton Sport ta garinku mutumin ya taso, shi ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta doke Masar 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2017, shi kuma ya zura wa Brazil a 2022. Wannan katin a fara sa masa leda.