Ina ma'aikacin lafiya zai samu kuɗin fara bincike a kan ciwon suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon suga na wani babban asibitin jiha. Ina da digiri na farko, ban yi na biyu ba tukuna. Ina sha'awar shiga harkar bincike a kan wannan ciwo, amma duk tallafin da na gani a intanet na Ingila ne ko na Amurka, kuma masu digirin digirgir ake nema. Shin akwai inda irina za ta nema ta samu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, abin da kika gani haka yake. Ƙungiyar Diabetes UK tana da tallafi mai suna Sir George Alberti da ta ware don ma'aikatan lafiya su yi digirin bincike, amma na masu aiki a asibitocin gwamnatin Birtaniya ne. Shirin Pathway to Stop Diabetes na Amurka kuma sai wanda yake cikin wata cibiyar bincike a can. Kada ki ƙona datarki a kansu. Akwai naki, sai dai kuɗin ba su da yawa, kuma da su ya kamata ki fara.

Wanda na fi nuna wa irinki shi ne na Royal Society of Tropical Medicine and Hygiene da ke Landan. Duk shekara tana ba da ƙaramin tallafi da bai wuce fam 5,000 ba, don aikin da za a gama cikin shekara guda. An tsara shi ne don wanda bai taɓa karɓar kuɗin bincike da sunansa ba, ko daga wace ƙasa yake, kuma ba a ce sai mai digirin digirgir ba. Nas, mai harhaɗa magani, ma'aikacin ɗakin gwaji, duk suna nema. Sunan ƙungiyar yakan sa a zaci zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki kaɗai ta sa a gaba, alhali cututtukan da ba a ɗauka, irin su suga da hawan jini, suna ciki. 'Yan Najeriya da dama sun samu. Galibi a farkon shekara ake buɗe neman, kuma za a buƙaci wani babba da zai sa ido a kan aikin.

A gida kuwa, kowa zai ce miki TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Gaskiya ne tana da tallafin binciken cikin makaranta, wanda aka daɗe ana ba da har naira miliyan 2 a kan aiki guda, da kuma babban asusun bincike na ƙasa. Amma ga abin da ke ba ma'aikatan asibiti haushi: kuɗin na malaman jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi ne na gwamnati. Ke da albashinki ke fitowa daga ma'aikatar lafiya ba za ki nema da sunanki ba. Hanyar ita ce ki haɗa kai da wani malami a sashen koyar da jinya ko na lafiyar al'umma a jami'ar da ke kusa da ke, shi ya jagoranta, ke ki shiga a matsayin abokiyar bincike. Shi yana da damar nema, ke kina da marasa lafiya da rajistar kilinik. Amma tun kafin a tara bayani ko ɗaya, a yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe a kan cewa sunanki zai fito cikin marubuta. Nas-nas da yawa sun sha wahalar tattara bayanai, aka buga takarda, sai godiya kawai suka gani a ƙasan shafi.

Yanzu ga abin da ya fi sanin sunayen masu ba da kuɗi muhimmanci. Masu tantance takardun nema ba sha'awarki suke dubawa ba, tambayarki suke dubawa. Mai cewa zai binciki yawan masu ciwon suga a jiharsu da fam 5,000 ya faɗi tun daga kanun takarda, domin kuɗin ba za su isa ba, kuma an riga an yi irinsa. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya haɗa binciken da aka yi a faɗin ƙasar, ya samu kusan kashi 5.8 cikin 100 na mutane suna da ciwon, Arewa maso Yamma kuma kashi 3. Abin da ba a cika yi ba shi ne ƙananan tambayoyin da ke gabanki kullum.

Ɗauki azumi. Babban binciken EPIDIAR da aka buga a 2004 ya duba Musulmi masu ciwon suga a ƙasashe 13, ya gano kashi 79 cikin 100 na masu ciwon suga nau'i na biyu suna azumtar aƙalla kwana 15 na Ramadan. Babu Najeriya ko Nijar a cikin ƙasashen nan. Mutumin da ya yi sahur da tuwon masara, ya yi buɗe-baki da kunun tsamiya, ƙosai da dabino, a garin da zafi ke wuce digiri 40, yaya sugansa yake hawa da sauka? Su nawa ne suke sauya lokacin shan magani ba tare da sun tambayi kowa ba? Idan nas ta zauna da su rabin sa'a a watan Sha'aban ta yi musu bayani da Hausa, shin faɗuwar suga tana raguwa? Wannan tambaya ce da mutum ɗaya zai iya amsawa a kilinik ɗaya, cikin shekara ɗaya.

Ko ajiyar insulin. Ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun nuna a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, cewa insulin da aka fara amfani da shi yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu ko da zafi yana kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. To, Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu sun zarce haka, wuta kuma kin san halinta. Mutanenmu suna sa kwalbar a gindin randa ko cikin tukunyar nan mai jiƙaƙƙen yashi da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ki sa ƙaramin ma'aunin zafi a irin waɗannan tukwane a gidajen marasa lafiya, ki rubuta abin da ya nuna daga bazara zuwa damina. Ni a ganina irin wannan aiki ya fi ɗaruruwan takardun tambayar "me ka sani game da ciwon suga" da suka cika mujallunmu. Haka nan za ki iya duba gyambon ƙafa da ake kawowa asibiti bayan an gama yawon masu magani, ko gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, da kan iya ba da sakamako na yaudara ga masu jinin AS, waɗanda su ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya.

Kafin ki tura takarda, ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Ba tare da ita ba babu mujallar kirki da za ta buga aikinki. Kwas ɗin ɗa'ar bincike na TRREE kyauta ne a intanet, kuma ana ba da takardar shaida. Wajen lissafin kuɗi, ki je ki tambayo farashin tsinken gwajin suga na gaske, ki sa kuɗin motar marasa lafiya da na fassara takardar yarda zuwa Hausa, har da ajami idan akwai masu buƙata. Kusan duk kayan gwaji daga waje ake shigo da su, canji kuma ba ya zama wuri ɗaya, don haka ki bar ɗan sarari gwargwadon yadda dokar tallafin ta yarda.

Da rarrafe yaro kan tashi. Takarda ɗaya da aka buga da sunanki ita ce za ta taimaka miki wajen neman digiri na biyu, ko a cibiya irin ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, ko ta tallafin karatu na Commonwealth. Sai bayan digirin digirgir ake maganar gidauniyar Wellcome ta Birtaniya, wadda tallafinta na masu tasowa yake biyan albashi da kuɗin bincike har fam 400,000 na kimanin shekara 5, ko Africa Research Excellence Fund da ke tura matasan masu bincike su yi 'yan watanni a wata cibiya su ƙaro ƙwarewa. Cibiyar Fogarty ta Amurka ta horar da 'yan Najeriya da yawa, amma tun 2025 gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihu, sai ki duba ko shirin yana nan kafin ki fara rubutu. World Diabetes Foundation ta Denmark kuwa ayyukan kula da marasa lafiya da rigakafi take ɗaukar nauyi, kuma hukuma ko ƙungiya ce ke nema, ba mutum ɗaya ba.

Duk wanda ya turo miki saƙo a WhatsApp cewa ki biya kuɗin fom kafin a ba ki tallafin bincike, ɗan damfara ne. Haka mujallar da ta yi alkawarin buga takardarki cikin mako guda idan kin biya dala. Masu tantancewa sun san sunayensu, kuma ganinsu a takardunki zai rage miki daraja. Idan ba ki da babban da zai duba aikinki, ki je taron shekara na ƙungiyar likitocin suga ta EMSON, ko ki tuntuɓi reshen Diabetes Association of Nigeria na jiharku, ki tafi da tambayarki a rubuce a shafi ɗaya.