Amsoshin tambayoyinku: Inda za a yi SIWES da kayan da za a saya

Tambaya: Ina ND 1 a sashen lantarki a Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Na sami gurbin SIWES (shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren aiki) guda biyu: ofishin da kawuna yake aiki, da shagon wani mai haɗa sola. Wanne zan ɗauka, kuma me zan saya? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Ƙanenmu, ɗauki shagon sola, sai dai in ofishin kawu yana da sashen gyara da ake fita aiki. Hukumar ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, ta kafa wannan shiri a 1973 ne saboda masu masana'antu na kukan cewa ɗalibai suna fitowa da takarda amma hannu bai san aiki ba. Wata huɗu ne kacal, bai kamata su ƙare a kan benci ba. Kafin ka amsa, je ka duba ko maigidan yana barin yaransa su taɓa aiki, ko aike kawai suke sha. Sannan ka kai sunan shagon ofishin SIWES na makarantarku a amince da shi, domin malamin da zai zo duba ka yana buƙatar adireshi da wanda zai sa hannu.

Kada ka sayi akwatin kaya guda. Maltimita (mitar auna wuta) ɗaya mai kyau, wadda aka rubuta CAT III 600V a jikinta, da testa, da filaya da sukudireba masu rufin roba da alamar 1000V, da takalmin kariya, sun ishe ka. A kan mita kam kada ka yi rowa. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne barin jar wayar mita a raminta mai alamar 10A, sannan a soka ta a soket mai wuta 230V. Mita ta gari fis ɗinta ne zai ƙone. Ta araha wadda ba fis a ramin, a hannunka za ta yi tartsatsi. Wurin batir kuma cire zobe da agogon ƙarfe. Batirin 12V ba ya jan mutum, amma in sifana ta haɗa kawunansa biyu, nan take za ta yi zafin da zai ƙona fata.

Logbuk ɗinka, wato littafin rubuta aikin da ka yi, kullum za ka cika shi, ba daren da aka ce malami na zuwa ba. "Na taya aiki" ba rubutu ba ne. Rubuta cewa kun jera batir 4 masu 12V suka ba da 48V, ka zana yadda aka haɗa, maigida ya sa hannu duk ƙarshen mako.

Abin da ba a koyarwa a aji kuwa, shi maigida ya fi lura da shi. Ka riga shi isa shago. Aikin sola cikin gidajen mutane ake yi, don haka ka yi sallama, ka jira a yi maka iso, kuma kada wayarka ta ɗauki hoton komai sai da izini. In ka ɓata abu, faɗa tun kafin a kunna wuta.

Tambaya: 'Yata ta gama ND a fannin akanta, za ta shiga shekarar koyon aiki kafin HND. In saya mata sabuwar kwamfuta mai araha, ko ta hannu mai ƙarfi? Daga wani uba, Daura.

Amsa: Alhaji, ta hannu mai ƙarfi ta fi, in an duba ta sosai. A nemi Core i5 zubi na 8 zuwa sama, RAM 8GB, SSD 256GB. Dalili shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin waɗanda suka girmi wannan zubin. Sababbi masu araha galibi RAM 4GB ne, da an buɗe babban fayil na Excel sai su dinga tsayawa.

A shagon, a cire caja a yi aiki da ita minti 30 a ga yadda batir ke sauka, a danna kowane maɓalli, a gwada ramukan USB, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin da za a iya mayarwa. Ragowar kuɗin a biya mata horon Excel na 'yan makonni, domin a ofis shi za a fara miƙa mata.